Shagon da nake sayen man birki a Maradi, abin da ya yi min da abin da bai yi min ba

Salamu alaikum ƴan uwa masu mota, musamman irinmu da ke son taɓa ƙananan gyare-gyare da hannunmu cikin gida ba sai komi an kai garaji ba. Akwai wani shagon kayan mota nan Maradi, cikin layin masu piyas ba nisa da babbar kasuwa, can nake sayen man birki da tarkacen da ke tahiya da shi, kuma ina so in hwaɗi abin da na gani, na kirki da wanda bai yi min ba. Ba zan kama suna ba dan kar a ce talla ce, wanda ya san layin zai gane shi da abu guda, shi ne wanda ba ya sai da man birki na awo ko da zaka wuni kana roƙo. Wanga abu guda shi ke maida ni wurin, duk da shagon shina da nashi matsaloli da zan zo kansu.

Ku duba teburan bakin titi da wasu ƙananan shaguna wajen tasha, zaku ga an buɗe babban bido ana tsiyayawa cikin ƴan kwalabe, ko kuma kwalba guda ce anka hwasa bakinta tun yaushe, duk wanda ya zo a zuba mishi na dala ashirin ko na dala arba'in a maida murhi a aje cikin rana da ƙura, gobe ma haka jibi ma haka har ta ƙare. Direba ya ga ƴar hitilar birki ta kama bisa tablo, ya tsaya a ƙara mishi kaɗan hitila ta mutu ya wuce da lodinshi, shi a ganinshi ya yi gyara. Ni abin ga shina tada min hankali wallahi, dan man birki ba dangin man inji ba ne da zaka aje a buɗe ya zauna lahiya. Irin wanda motocinmu ke sha, mai lamba DOT 3 da DOT 4 bisa kwalba, da sinadarin glikol ake yinshi, kuma halinshi ne shan danshin iska, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko ba a zuba mishi ruwa ba. Da ka cire hatimin kwalba ya hwara sha. Cikin mota ma shina sha a hankali ta murhin bokal, ƴar robar da man ke zama cikinta, da ta jikin tiyon roba, shi ya sa da yawa daga masu ƙera motoci ke cewa a canza shi gaba ɗaya duk shekara 2 ko da mota ba ta yi tahiya mai yawa ba.

Ga inda hatsarin yake. Ma'aikatar sufuri ta Amurka ce ta aje ma'aunin da ake rubutawa bisa kwalaben nan, mai lamba FMVSS 116, kuma abin da ta hi dubawa shi ne zahin da man zai iya ɗauka kahin ya tahasa. DOT 3 sabo dole ya kai digiri 205 bai tahasa ba, amma in ya sha ruwa wajen kashi 3.7 cikin 100, abin da ake nema gare shi ya sauko 140. DOT 4 sabo 230, mai ruwa 155. DOT 5.1 sabo 260, mai ruwa 180. Ku duba tazarar da ɗan ruwan da ido ba ya gani ke kawowa. In man ya tahasa bayan piston sai ya zama tururi, shi kuma tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komi, sai ka taka pedal ta tahi har ƙasa mota na ci gaba da gudu. Abin da ya hi muni, in mota ta huce birki sai ya dawo lahiya lau, makanike ya duba ya ce bai ga komi ba, mutum ya ce ai tsautsayi ne ko sammu.

Na san wani zai ce mu nan Maradi ina munka ga dutsi ko gangara da birki zai yi wanga zahi, ƙasarmu shimhiɗe take daga nan har Tasawa. Gaskiya ne, amma zahin birki nan ba daga gangara yake zuwa ba. Daga lodi yake zuwa, Hiace da anka ɗaura mata buhunna har sama ta kama hanyar Zinder cikin watan Afrilu ko Mayu rana ta wuce digiri 40 kwalta na hucin wuta, ga dabbobi na ƙetarawa ga shingayen jami'ai ga tudun rage gudu kowane gari. Kuma shina zuwa daga rairayi, dan rairayi da ƙurar hunturu in sunka shiga robar da ta tsage sai ƙarhen da ke riƙe plaket, wato abin da ke matse diskin taya in ka taka birki, ya maƙale, plaket ta zauna tana gugar diski kana tahiya baka sani ba, taya guda ta yi zahin da ba ka iya kai hannu kusa. Cikin gari kuwa kabu-kabu da adaidaita sun isa su sa ƙahwarka ba ta sauka daga birki tun daga Ali Ɗan Sofo har Sabon Gari. Bayan wannan, ruwan da ke cikin man shina cin ƙarhe daga ciki, piston ya yi tsatsa, silinda ta ƙoƙe, roba ta hwara yoyo, gyaran da ya hi kuɗin kwalba nesa ba kusa ba.

To shi wanga shago, abin da ya hwara burge ni shi ne tambayar da mai shi ke yi kahin ya miƙa hannu bisa kanta. Dattijo ne, Alhaji muke ce mishi, ba mai yawan magana ba. Ka ce a baka man birki sai ya ce "Malam wace mota ce, mi anka rubuta bisa murhin bokal?" In baka sani ba kuma motar na waje, yaronshi zai bi ka ya buɗe kapo ya karanto. Tawa Corolla ce okaziyo, murhinta DOT 3 ke rubuce, Alhaji ya ce min "Kana iya sa DOT 4 ba laihi, ya hi ɗaukar zahi, amma wadda anka rubuta ma DOT 4 kar ka yarda a sauko da ita DOT 3." Wannan daidai ne, DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi guda ne suna haɗuwa, ana hawa sama ba a saukowa ƙasa. Motocin Turai da yawa da ke yawo nan, irin su Marsandi da Pijo 406, DOT 4 suke nema. Wanda zai ruɗe mutum shi ne DOT 5 tsura, lambarshi ta yi kusa da 5.1 amma shi na silikon ne, launinshi shunayya, ba ya haɗuwa da sauran kuma ba a son shi ga mota mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in anka taka birki da ƙarhi. Alhaji ma ba ya aje shi, ya ce ba shi da masu saye kuma shina gudun ranar da yaro zai ɗauko shi bisa kuskure. Akwai kuma wani kore da ake ce ma LHM na tsofaffin Citroën irin su BX da Xantia, shi man ma'adinai ne, in ya shiga birkin Toyota robobi kumbura zasu yi. Haka jan man sitiyari, haka man inji, ko ɗan kaɗan ne. In sunka shiga ba wanki ke gyarawa ba, duk wata roba da ke cikin layin sai an canza ta.

Abu na biyu, kwalabenshi duka da hatimi, zoben roba na murhi bai tsinke ba kuma in ka buɗe akwai takardar gwangwani manne da baki. Shina aje su cikin kwali can ciki inda rana ba ta kaiwa, ba a jere waje dan ado ba. Kuma ba ya jin haushi in ka tsaya kana juya kwalba kana karanta bayanta, har shi ke nuna maka inda anka buga lambar kaya da ranar da anka yi shi, da ma'aunai irin su SAE J1703, J1704 ko ISO 4925. Rubutu kaɗai ba hujja ba ne dan masu jabu ma sun iya bugawa, kowa ya san kasuwanninmu na iyaka komi na shigowa, mai kyau da maras kyau hanya guda suke biyowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Amma akwai gwaji mai sauƙi da ya nuna min nan gaban kanta, ya sa yaro ya kawo ruwa cikin kohin gilashi ya ɗiga man da na saya, nan take ya narke ya bi ruwan. Ya ce in ka ga ya taso sama ya yi ido-ido to an gauraya shi da wani mai, kar ya kusanci motarka. Gwajin ba zai gaya maka ko man ya sha danshi ba, amma shina kama mugun jabu, kuma kowa na iya yinshi gida. Man kirki in ka tsiyaya garau yake, ko dai ba launi ko ɗan rawaya mai haske, ba gurɓata ba laka a gindin kwalba.

Kuɗi kam ya hi na bakin titi, ba zan ɓoye ba, kuma Alhaji ba ya son ciniki mai tsawo, zai rage maka ɗan abin da ba a rasa ba in ka haɗa kaya da yawa, daga nan sai ya ce albarka. Bisa kwalbar rabin lita bambancin da na gani tsakaninshi da masu arha bai kai jika guda ba. Ga wanda ke hita da taksi kullum yana lissahin dala-dala na san jika ba ƙaramin abu ba ce, amma abu ne da zaka saya sau ɗaya cikin shekara 2, kuma rayukan da ke cikin motar bisa gare shi suke. Wani abin da na yaba, bai tura min babban bido dan ya ci riba ba, shi da kanshi ya ce ƙaramar mota lita guda ta ishe ta wanki gaba ɗaya har da saura, in ɗauki ƙanana biyu, in guda ta isa in bar gudar da hatiminta. Ragowar wadda anka buɗe kuwa ya ce kar in aje ta ina jiran baɗi.

Sauran kayan aikin, nan abin ya rabu biyu. Ruwan hesawa na wanke birki da ya ba ni mai kyau ne, shina bushewa nan da nan bai barin maiƙo bisa diski. Man shahwa na silikon na ƙusoshin da plaket ke zamewa bisansu shi ma akwai, cikin ƴan ƙananan leda, kuma ya ja min kunne kar in sa girisin da ake sa ma boris dan shina kumbura robar, wanda da yawa daga yaran garaji shi suke dangwalawa. Sifana mai lamba 8 da mai lamba 10 na ɗauka wurinshi, masu zobe, ƙarhensu mai kauri ne ba irin wanda ke buɗe baki ya cinye kan noti ba. Wannan shina da muhimmanci ƙwarai dan ɗan notin hidda iska laushi gare shi, in kanshi ya cinye ko ya karye ciki aikin gida ya ƙare sai wurin mai walda ko sabon kaya. Amma tiyo mai garau wanda ake gani ta cikinshi, wanda shi ne idon aikin duka, babu shi a shagon, sai da na zaga wajen masu kayan famfo na samu siriri da ya kama bakin notin. Babbar sirinji ta zuƙe tsohon mai daga bokal ita ma a farmasi na saye ta. Mutumin da ya san man birki haka bai kamata a ce ba shi da waɗanga abubuwa biyu ba, na gaya mishi, ya ce masu tambaya ba su da yawa.

Abin da ya hi damuna cikin abin da babu shi ne ƙahwahun ƙarhe na tokare mota. Jak kala-kala gare shi amma ba abin tokare ko guda. Kuma nan garin an saba a ɗaga mota da jak a sa bulo ko a bar ta bisa jak ɗin a shiga ƙarƙashi, ga ƙasarmu rairayi, jak na nutsewa ko ya goce. Bulon siminti rugujewa yake ba gargaɗi. Ni wurin mai walda na sa anka yi min guda biyu masu hwaɗin gindi, ina kuma shimhiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak, tayar da na cire in tura ta ƙarƙashin mota. Dan Allah duk wanda zai yi aikin ga gida kar ya raina wannan.

Yadda nake yin aikin ba wani abin wahala ba ne amma mutum biyu yake so. Da sahe nake yi kahin rana ta yi zahi kuma kahin iska ta taso da ƙura, mota ta kwana ta huce. Ina goge kewayen bokal tas kahin in buɗe dan kar rairayi ya hwaɗa, in zuƙe tsohon man da sirinji amma ba har ƙasa ba, in cika da sabo. Wanda ya hito daga tawa ya yi baƙi har gindin bokal ya yi dauɗa, alhali mai ita na da ya rantse min ana duba ta. Daga nan sai taya-taya, ana hwarawa da wadda ta hi nisa da babbar silinda, wadda pedal ke turawa, ga motocinmu masu sitiyari hagu yawanci bayan dama, sai bayan hagu, gaban dama, gaban hagu, amma wasu motoci tsarinsu daban ne, in kana da littahin motar shi zaka bi. Ɗan yayata ke zama ciki. Ina sa zoben sifana bisa notin, in cusa tiyo, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan sabon mai a gindi dan kar iska ta koma. In ce mishi "taka, taka, taka, riƙe", ya ce "na riƙe Kawu", in sassauta notin kaɗan mai ya hito pedal ta sauka, in ɗaure sannan in ce "saki". In ya saki kahin ka ɗaure iska ta shiga, shi ya sa ba a yin aikin da wanda hankalinshi ke bisa waya. Haka zaka yi ta yi har ka ga abin da ke bin tiyo ya koma garau ba kumhwa ko guda.

Abubuwa biyu Alhaji ya ƙara min da ba kowa ke hwaɗi ba. Na ɗaya, in motar ta tsuhwa a sa guntun katako ƙarƙashin pedal dan kar ta riƙa kaiwa ƙasa, saboda can ƙarshen silindar da piston bai saba kaiwa ba akwai tsatsa da dauɗa, in ka tura robar can tana iya yagewa, ka hwara aiki da birki mai kyau ka ƙare da silinda mai yoyo. Na biyu, ido bisa bokal, bayan kowane ƴan takawa a leƙa a ƙara, in ya ƙahe iska ta shiga ta sama, kuma ga mota mai ABS in iska ta shige cikin akwatin ABS ɗin wani lokaci sai da na'urar kwamfuta ake hidda ta. Ni na ƙara da nawa, ka aje bokitin ruwa kusa, man ga shina cin penti, in ya ɗiga jikin mota ka kwara ruwa nan take kar ka tsaya gogewa da tsumma. Hannu ma shina busar da shi, safar roba ta hi.

Bayan na gama pedal ta dawo sama ta yi tauri, ba sai na taka sau biyu ba kahin ta kama. Na gwada ta a hankali cikin layinmu kahin in hau kwalta, na sake duba kowane noti ko shina tsatsahwa. Tun daga nan motar ta ga zahin bazara ta ga damina, ta yi hanyar Madarunhwa da ta Gidan Rumji da iyali ciki, pedal na nan inda take kuma man cikin bokal bai canza launi ba. Iyakar abin da mai mota zai iya shaida da idonshi da ƙahwarshi ke nan, kuma man ya cika shi.

Plaket kuwa nan ne zan rage ma shagon maki. Kala biyu gare shi, mai tsada da mai arha, kuma in Alhaji na nan zai gaya maka gaskiya wacce ce wacce. In ba ya nan, yaron sai ya miƙo maka wadda ta hi kusa da hannunshi ya ce "patoro duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Wani maƙwabcina ya ɗauki mai arhar ga Starlet ɗinshi ta taksi, ƙara take yi tun sati na hwarko kuma baƙar ƙura ta ruhe mishi ƙarhen taya, bai daɗe ba ya canza. Mai tsadar da na sa ba ta ba ni matsala ba. Yaron ba mugu ba ne, ladabi gare shi, amma bai da ilimin maigidanshi kuma ba ya son ya ce a jira Alhaji. Shawarata in plaket ce ko roba ko wani abin da ke da lamba, ka tahi da tsohuwar a hannu a aza bisa sabuwar a gani, kuma ka daidaici lokacin da dattijon ke zaune. Rasit ma sai ka tambaya ake rubutawa, ka tambaya, dan ranar maido kaya ita ke magana.

Tunda maganar plaket ta zo, akwai abin da mutane ba su lura da shi. In man bokal ya sauka a hankali ba yoyo ko'ina, yawanci plaket ce ta cinye, piston ya hito waje mai ya bi shi. To in ka cika bokal har baki sannan ka zo sa sabuwar plaket ka maida piston ciki, man zai yi ambaliya bisa penti da wayoyi. Hitilar tablo in ta kama, a hwara cire taya a duba naman plaket, in ya sauko wajen milimita 3 a canza, a duba bayan tayoyi da tiyo ko akwai jiƙa. In kuwa man na sauka da sauri to yoyo ne, ba ƙari ke maganinshi ba, motar ba ta hita sai an gano wurin. Masu tsinke wayar hitilar dan ta daina damunsu, da masu zuba ruwan sabulu cikin bokal wai dan su kai gari, ku ji tsoron Allah da rayukan da kunka ɗauko.

Wani abin kuma da ba laihin Alhaji ba ne amma ya shahi mai saye, kayanshi ba sa tsayawa kan iri guda. Lokacin da Najeriya ta ruhe iyaka a 2019 har ƙarshen 2020, da kuma takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk ƴan kasuwar garin nan sun ji a jikinsu, kuma tun daga nan abin da ka samu wannan karon ba lalle ka same shi karo na gaba ba. Ga man birki wannan ba matsala ba ce in dai lambar DOT ɗin ta dace kuma hatimi na nan, kamfani daban-daban suna haɗuwa. Ga kayan birkin baya na tambur ne abin ke ciwo, ƙananan silindar taya da sifirin da robobi sau da yawa babu, sai ya ce a ba shi kwanaki ya aiko daga Katsina ko Kano. Shina cika alkawari amma in motarka ce abincinka jiran nan asara ce.

Akwai maganar da ba zan iya wucewa ba ko da ba ta shagon ba ce. Na sha ganin ana shahwa man birki bisa ciwo, ƙuna, ƙyasbi, har da haƙori mai ciwo, wai shina kashe ƙwayar cuta. Guba ne ƴan uwa, in ya shiga ciki ƙoda yake kamawa, kuma abin tsoron ba shi da ɗaci da zai sa yaro ya tohar. Kar a zuba ragowa ko tsohon da anka hidda cikin robar ruwa ko ta lemu a aje cikin gida, yaro zai ɗauka abin sha ne. In tsautsayi ya sa yaro ya sha a ruga da shi asibiti tare da kwalbar, kar a tsaya ba shi madara ko manja ana jira. Tsohon man kuma kar a kwarara shi cikin kwata ko kusa da rijiya ko inda awaki ke lasa. Na tambayi Alhaji ko shina karɓar tsohon, ya ce a'a, ni dai na ɗure nawa cikin kwalbar da ya zo, na rubuta bisa, na ruhe gam na kai ma makaniken da ke tara tsofaffin mai, na kuma gaya mishi mine ne ciki dan kar ya haɗa shi da wanda yake saidawa.

Wanda bai taɓa kwance taya ba, ko wanda notin motarshi ya yi tsatsa ya ƙi motsi, ko pedal na nutsewa a hankali in ya riƙe ta a tsaye, wannan ba aikin gida ba ne, ya sayi man da hatiminshi ya kai ma makanikenshi, ya tsaya a buɗe kwalbar gabanshi a yi aikin shina kallo, ya kuma ce canji gaba ɗaya yake so ba ƙari ba. Alhaji ba ya ɗora ma mutum makanike, in ka tambaya ne kawai zai ce wane ya iya Toyota wane ya iya na Turai. Ranar Litinin da Juma'a layin cika yake da mutanen ƙauye da motocin kasuwa, ba wurin aje mota kuma dattijon ba ya samun sararin yi maka bayani, Juma'a ma tun kahin azahar yake ruhewa sai bayan an sauko. Talata ko Laraba da hantsi ta hi, kuma ka ɗauki hoton murhin bokal ɗinka a waya kahin ka taho.